Gasar Besbol ta Hunturu a Kyuba: Tasowarta da Mutuwarta, 1878 zuwa 1961

Tambaya: Na ji an ce ƙasar Kyuba ta taɓa mallakar gasar besbol ta ƙwararru da ake bugawa da hunturu, wadda har taurarin Amurka ke ƙetare teku su je su buga, amma yau babu ita. Me ya sa ake yin ta da hunturu, kuma da gaske ne Fidel Castro ne ya kashe ta dare ɗaya?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai rabin magana aka ba ka. Gwamnatin juyin juya hali ce ta rufe gasar, babu ja a kan wannan, kuma wasanta na ƙarshe an buga shi ne a watan Fabrairun 1961, bayan ta shafe fiye da shekara tamanin ana yin ta. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kafin Castro ya sa hannu, hukumomin besbol na Amurka sun riga sun janye 'yan wasansu, kuma tun shekara goma sha huɗu kafin haka gasar ta ɗaura wa kanta wata igiya da ta mayar da ita ƙarƙashin ikon Amurkawa. Wanda ke son ya fahimci mutuwarta dole ya fara sanin abin da ya ba ta girma tun farko, domin a can asalin ciwon yake.

Tunda wasan ba sananne ba ne a wajenmu, bari in ɗan bayyana shi domin maganar ta tafi daidai. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Ɗaya tana jifa tana tsaron fili, ɗaya tana bugu. Majefi yana tsayawa a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo da iyakar ƙarfinsa da dabararsa, mai bugu kuma ya tare ta da kulki. Idan ya same ta sai ya ruga ya bi zango huɗu da aka jera a kusurwoyi, kuma duk wanda ya kewayo ya komo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Ana yin haka har sau tara, kuma zan riƙa kiran kowane zagaye turmi, kamar yadda ake cewa a dambe. Bugun da ya fi kowane daraja shi ne wanda ke cilla ƙwallo ta haure katangar fili, mai bugun ya zaga zangon nan huɗu babu mai tare shi. Shi ake kira homron.

Maganar hunturu kuwa ba ta da wuya. A Amurka ana buga besbol daga Afrilu zuwa farkon Oktoba, sannan sanyi da ƙanƙara su rufe filaye, kuma a wancan zamani albashin ɗan wasa bai isa ya riƙe shi har shekara ta zagayo ba. A Kyuba kuwa watannin hunturun su ne na rani, ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, ga shi kuma lokacin saran rake ne, kuɗi na yawo a hannun mutane. Tsakanin Havana, babban birnin Kyuba, da kudancin Florida kuma tafiyar dare ɗaya ce a jirgin ruwa. Saboda haka abin ya zama cin rani sosai: ɗan wasa ya gama kakarsa a arewa, ya ɗauki jakarsa ya sauka Havana daga Oktoba zuwa Fabrairu, bazara na kamawa ya koma.

Wasan ya shiga Kyuba ne ta hannun 'ya'yan masu hali da aka tura karatu Amurka. Wanda aka fi ambata shi ne Nemesio Guilló, wanda ya dawo daga wata kwaleji a Mobile ta jihar Alabama a 1864 da kulki da ƙwallo a cikin kayansa. Akwai kuma Esteban Bellán, wanda ya buga wa ƙungiyar Troy Haymakers a 1871, ya zama mutumin Latin Amurka na farko da ya buga wasan ƙwararru a Amurka. A ranar 27 ga Disamban 1874 ƙungiyar Habana ta birnin Havana ta je filin Palmar de Junco a garin Matanzas ta lallasa 'yan gida da ci 51 da 9, kuma filin yana nan har yau. Gasar kanta ta fara ne a ranar 29 ga Disamban 1878 da ƙungiyoyi uku, Habana da Almendares da Matanzas, shekara biyu kacal bayan kafa gasar National League ta Amurka. A wasan farko Habana ta ci Almendares 21 da 20, kuma gabar da aka ƙulla ranar ita ce kashin bayan gasar har zuwa ranar da ta mutu. A farkon lamari samarin ba a biyan su, ranar Lahadi da ranakun hutu suke bugawa, bayan wasa a yi liyafa da rawa; a hankali ne kuɗi ya shigo ciki.

A lokacin Kyuba na ƙarƙashin mulkin mallakar Sifaniya, kuma zaɓen wasa ma siyasa ne. Wasan kokawa da bijimi shi ne na masu mulki, besbol kuwa na masu ganin kansu 'yan Kyuba ne ba Sifaniyawa ba, don haka hukuma ta riƙa kallon filayen wasa da idon zargi. Zargin ba na banza ba ne. Emilio Sabourín, wanda ya buga wa Habana ya kuma jagorance ta, an kama shi da laifin taimaka wa masu neman 'yanci, aka kai shi kurkukun Ceuta a gaɓar arewacin Afirka, a can ya mutu a 1897. Yaƙin neman 'yanci na 1895 zuwa 1898 ya tsayar da gasar, ba ta dawo daidai ba sai bayan tafiyar Sifaniyawa.

Abin da ya mayar da ita babbar gasa ya faru ne a 1900, shekara goma sha huɗu bayan soke bauta a tsibirin: aka buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa, kuma ƙungiyar San Francisco, wadda baƙaƙe suka cika ta, ita ta lashe kambin shekarar. A daidai wannan lokaci Amurka ta riga ta rufe wa baƙar fata ƙofar manyan gasanninta, kuma ba ta sake buɗewa ba sai 1947. To ka ga inda arzikin Kyuba ya fito. Kusan shekara hamsin, fitattun 'yan wasa baƙaƙe na Amurka, waɗanda a gida ba su da wurin nuna kansu sai gasanninsu na daban, suna samun fili a Havana inda za su kara da farare, a biya su kuɗi mai kauri, jaridu su buga hotunansu. Rube Foster ya je, John Henry Lloyd ya je, daga baya Oscar Charleston da Cool Papa Bell da Satchel Paige da Josh Gibson da Willie Wells duk sun ci rani a can. Kada dai a ɗauka Kyuba aljanna ce a wannan fanni. Gasar 'yan dagaji, wadda kulob-kulob na attajirai ke gudanarwa, ta farare ce zalla har zuwa juyin juya hali, kuma yaro baƙi mai basira hanyarsa ɗaya ce: ya fara a ƙungiyar masana'antar sukari, daga nan ya shiga ƙwararru. Ta wannan hanya Orestes Miñoso ya bi. Wato gasar da ake biyan kuɗi ita ce ta fi adalci, domin mai ƙungiya nasara yake nema da cikar fili, ba ruwansa da launin wanda ya kawo masa su.

Kafin kaka ta fara, manyan ƙungiyoyin Amurka kan zo su yi wasannin sada zumunci, kuma a nan ne aka riƙa auna ƙarfi. A 1908 Cincinnati Reds ta zo, sai Almendares ta fito da wani siririn majefi baƙi daga garin Cárdenas mai suna José Méndez. A wasansu na farko ya kai turmi na tara babu wanda ya iya buga masa ƙwallon da za ta kai shi zango, sai a ƙarshe Miller Huggins ya samu ya tsira da guda ɗaya tak. A wasa uku ya jefa musu turmi 25 a jere ba su ci ko maki ɗaya ba. Mutanen Havana suka laƙaba masa Baƙin Lu'ulu'u. Shekara uku bayan haka Cincinnati ta ɗauki 'yan Kyuba biyu, amma ba Méndez ba: ta ɗauki Armando Marsans da Rafael Almeida, waɗanda fatarsu ta yi hasken da za a iya cewa jinin Turawa ne. Haka aka raba 'yan ƙasa ɗaya gida biyu. Adolfo Luque, fari, ya ci wa Cincinnati wasa 27 a 1923. Abokan wasansa baƙaƙe kuwa, waɗanda da hunturu suke sa riga ɗaya da shi, da bazara sai su nufi gasannin baƙaƙen fata.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne na 1920, lokacin da New York Giants ta zo tare da Babe Ruth, fitaccen mai buga homron na Amurka, wanda aka biya kuɗi mai yawa don ya biyo su. A wani wasa Cristóbal Torriente na Almendares ya buga homron uku, Ruth kuwa bai tsinana komai ba ranar. Ya kamata in ƙara da abin da masu ba da labarin kan tsallake: wanda ya yi wa Giants jifa a wasan, George Kelly, ba majefi ba ne, mai tsaron zangon farko ne aka sa ya riƙe wurin. Wannan bai rage wa Torriente daraja ba, domin abin da ya yi a gasannin baƙaƙen fata a Chicago shekara da shekaru ya ishe shi shaida, amma ba daidai ba ne a gina hukunci a kan wasan yini ɗaya.

A fannin tsari kuwa gasar ba ta taɓa zama da gindinta sosai ba kafin shekarun 1940. Ƙungiyoyi na tasowa suna ɓacewa, akwai lokacin da ɗan kasuwa ɗaya, Abel Linares, ke riƙe da Habana da Almendares duka biyu, wato shi ne mai kura shi ne mai akuya. Shi ne kuma ya kafa ƙungiya a garin Santa Clara da ke tsakiyar tsibirin, Damisoshi, waɗanda a kakar 1923 zuwa 1924 suka tara Charleston da Alejandro Oms da Pablo Mesa da Oliver Marcelle da Dobie Moore, suka ci wasa 36 aka ci su 11. Ƙarfin nasu ya yi yawa har 'yan kallo a Havana suka daina zuwa, dole aka yanke kakar tun ba ta ƙare ba aka shirya wata 'yar gasa ta daban. Wannan ya nuna gaskiyar kasuwar: kuɗin yana Havana, kuma Havana abin da take son gani shi ne ja da shuɗi, wato Habana da Almendares, suna karawa.

Cikin duk waɗanda gasar ta haifa babu kamar Martín Dihigo, ɗan lardin Matanzas, wanda ya fara da Habana yana saurayi a kakar 1922 zuwa 1923. A besbol majefi daban, mai bugu daban, da wuya a samu wanda ya ƙware a duka biyu. Shi kuwa yana jifa, yana bugu, kuma kusan duk inda aka ajiye shi a fili zai riƙe wurin. A kakar 1935 zuwa 1936 shi ne kocin Santa Clara, shi ya fi kowa bugu a gasar, ya kuma ci wasa 11 a matsayin majefi aka ci shi 2, ƙungiyarsa ta ɗauki kambi. Bai taɓa taka babbar gasar Amurka ba saboda launinsa, sai a 1977, shekara shida bayan mutuwarsa, aka shigar da sunansa zauren gwarzayen besbol na Cooperstown. Méndez da Torriente sai 2006 suka bi shi.

Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta karya farashin sukari, ta kusa tafiya da gasar, kuma a kakar 1933 zuwa 1934, bayan faɗuwar shugaba Gerardo Machado, ba a buga ko wasa ɗaya ba. A farkon shekarun 1940 ma 'yan dagaji sun fi ƙwararru farin jini. Daga kakar 1943 zuwa 1944 ne gasar ta tsaya a kan ƙungiyoyi huɗu da aka san ta da su: Habana masu ja, Zakuna, Almendares masu shuɗi, Kunamu, Cienfuegos masu kore, Giwaye, da Marianao, waɗanda daga baya suka koma Damisoshi masu ruwan lemo. Kowace da kirarinta. 'Yan Almendares suna cewa duk wanda ya ci Almendares mutuwa zai yi; 'yan Habana suna cewa jan duka yana jinkiri amma yana zuwa; 'yan Cienfuegos kuma suna cewa tafiyar giwa a hankali take amma tana murƙushewa. Habana ta tara kambi kusan talatin, Almendares fiye da ashirin, Cienfuegos biyar, Marianao huɗu. Abin da baƙo zai yi mamaki shi ne duk huɗun a Havana suke zaune, a fili ɗaya suke bugawa, har da Cienfuegos mai sunan wani gari can a gaɓar kudu. Mutanen gabashin tsibirin a rediyo suke bin gasar ƙasarsu.

Kakar 1946 zuwa 1947 ita ce ƙololuwa, kuma a cikinta ne aka shuka abin da ya biyo baya, don haka zan ɗan daɗe a kanta. A watan Oktoban 1946 aka buɗe sabon fili a unguwar Cerro, mai ɗaukar mutum kusan dubu talatin, wanda Bobby Maduro da Miguel Suárez suka gina; shi ne ake kira Estadio Latinoamericano a yau. A wannan shekarar kuma wani attajirin Meziko, Jorge Pasquel, ya riƙa zawarcin 'yan wasan Amurka da albashin da ya ninka nasu, wasu suka tsallaka, kwamishinan besbol Happy Chandler ya yanke musu hukuncin dakatarwa na shekara biyar, ya kuma yi barazana ga duk wanda ya buga tare da su. Gasar Kyuba ba ta ƙarƙashin Chandler, kuma yawancin taurarinta a Meziko suke cin abinci da bazara, saboda haka ta yi kunnen uwar shegu ta karɓi korarrun. Cikinsu akwai Max Lanier, majefi bahago da ya baro St. Louis Cardinals.

Habana, ƙarƙashin Miguel Ángel González, ta ba da tazarar da kowa ya ɗauka ba ta kamuwa. Sai Almendares, ƙarƙashin Luque, ta ci wasa 13 cikin 14 na ƙarshe. Magana ta tsaya a kan karawa uku tsakaninsu a kwana uku a jere, kuma Almendares na bukatar duka ukun. Ranar 23 ga Fabrairun 1947 Lanier ya ci na farko 4 da 2. Washegari Agapito Mayor ya ci na biyu 2 da 1. A rana ta uku Luque ya sake miƙa wa Lanier ƙwallo, da hutun yini ɗaya kacal, alhali majefin da ya yi cikakken wasa kwana uku ko huɗu yake bukata kafin hannunsa ya dawo. Filin ya cika ya batse, gari ya tsaya cik, wanda bai samu shiga ba ya manne da rediyo, kuma Lanier ya ci 9 da 2. Har ƙarshen ransu tsofaffin 'yan Havana, na gida da na gudun hijira, ba su da labarin da ya fi wannan.

A daidai waɗannan makonni Brooklyn Dodgers tana atisayen share fage a Havana, kuma an zaɓi garin ne domin a kauce wa dokokin wariya na Florida, saboda tare da su akwai ɗan wasa baƙar fata, Jackie Robinson. Ranar 15 ga Afrilun 1947 ya buga wasansa na farko a babbar gasar Amurka. Wannan alheri ne ga duniya, amma ga Havana yana nufin rijiyar da take ɗiba ta fara ƙafewa: tauraro baƙi yanzu yana da inda za shi, kuma ƙungiyar da ta saye shi ba za ta so ya je ya ƙarar da ƙarfinsa da hunturu ba.

Da bazarar 1947 masu ƙungiyoyin Kyuba suka zaɓi sulhu, suka ƙulla yarjejeniya da hukumar ƙananan gasannin Amurka. Suka amince ba za su sake ɗaukar wanda aka dakatar ba, aka ƙayyade yawan baƙin da kowace ƙungiya za ta sa, aka kuma karkata ga matasan da ƙungiyoyin Amurka ke son su goge. 'Yan wasan da aka bari a waje suka kafa tasu gasar a tsohon filin La Tropical, ba ta wuce kaka ɗaya ba. A ganina a nan ne gasar ta sayar da 'yancinta. Ba na cewa masu ƙungiyoyin wawaye ne. Sun kashe kuɗi a kan sabon fili, kuma da sun ci gaba da taurin kai da kowane yaron Kyuba mai burin zuwa Amurka ya guje su. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga ranar, gasar da a da take karɓar wanda Amurka ta ƙi ta koma makarantar horar wa Amurka yara, kuma izinin buga wasa a Havana ya koma hannun wani ofishi da ke ƙetaren teku.

A ido dai shekarun 1950 shekarun wadata ne. Kowace ƙungiya na buga wasa 72 a kaka, talabijin ya shigo a 1950, kuma matasan da suka zo gogewa sun haɗa da Hoyt Wilhelm da Jim Bunning da Brooks Robinson da Tommy Lasorda. 'Yan gida irin su Miñoso na Marianao, da Camilo Pascual da Pedro Ramos na Cienfuegos, da Conrado Marrero na Almendares, wanda bai shiga babbar gasar Amurka ba sai yana dab da shekara 39, suna dawowa duk hunturu. A 1949 aka ƙirƙiro gasar zakarun Karibiyan tsakanin Kyuba da Panama da Puerto Rico da Venezuela, kuma cikin goma sha biyun farko ƙungiyoyin Kyuba sun ɗauki bakwai, biyar daga ciki a jere daga 1956 zuwa 1960. Maduro kuma ya kafa Havana Sugar Kings a 1954, ƙungiyar bazara a matakin da ke dab da babbar gasa, da burin wata rana Havana ta samu gurbi a can sama. Siyasa dai ba ta bar filin ya huta ba: a watan Disamban 1955 ɗaliban jami'a suka kutsa cikinsa da kyallen adawa da shugaba Fulgencio Batista, 'yan sanda suka rufe su da duka, talabijin na nuna wa ƙasa baki ɗaya.

Batista ya gudu ranar 1 ga Janairun 1959, kuma da farko sabuwar gwamnati ba ta nuna ƙiyayya ga wasan ba. Castro masoyin besbol ne, ya sha zuwa fili, har ya yi jifa a wani wasan nishaɗi a watan Yuli, ko da yake labarin da ake yaɗawa cewa ƙungiyoyin Amurka sun taɓa neman sayensa tatsuniya ce. Kwana ɗaya ko biyu bayan wannan wasa, ana tsakiyar karawa tsakanin Sugar Kings da Rochester, sha biyun dare ta buga, ranar 26 ga Yuli, ranar tunawa da fara gwagwarmayar Castro, ta shiga, sojojin juyin juya hali suka fara harbi sama don murna. Harsashi ya faɗo ya sami Frank Verdi na Rochester a ka, abin kariyar da ke cikin hularsa ya cece shi, wani kuma ya shafi Leo Cárdenas na Sugar Kings a kafaɗa. Duk da haka Sugar Kings ta ɗauki kambin ƙananan gasanni a wannan shekara, a gaban Castro. Amma da gwamnati ta karɓe matatun man Amurkawa, Amurka kuma ta yanke sayen sukari, sai a watan Yulin 1960 aka ɗauke Sugar Kings daga Havana a tsakiyar kaka aka mayar da ita Jersey City, sannan kwamishina Ford Frick ya hana Amurkawa zuwa cin rani a Kyuba. Ikon da aka miƙa a 1947 ke nan aka yi amfani da shi.

Kakar 1960 zuwa 1961 sai 'yan Kyuba zalla suka buga ta, kuma ga mamakin masu hasashen mutuwa, ta yi armashi: wasa huɗu kacal ya raba ta farko da ta ƙarshe, kuma sai a ranar rufewa aka san zakara, lokacin da Pedro Ramos ya ci wa Cienfuegos Almendares. Gwarzon sababbin 'yan wasa na kakar wani yaron Habana ne mai suna Luis Tiant. Wannan kaka ce hujjata cewa gasar ba ta mutu don rashin 'yan wasa ba. Sai dai a tsakiyarta, ranar 3 ga Janairun 1961, Amurka ta yanke hulɗar jakadanci da Kyuba, gasar Karibiyan da aka shirya yi a Havana ta rushe, a watan Fabrairu gwamnati ta kafa hukumar wasanni ta INDER, kuma a watan Maris na 1962 hukumar ta haramta wasa don kuɗi gaba ɗaya. Tun kafin nan, ranar 14 ga Janairun 1962, an riga an buɗe sabuwar gasar ƙasa ta 'yan dagaji, wadda Castro ya kira nasarar wasan 'yantattu a kan wasan bayi.

Adalci ya sa a faɗi cewa sabon tsarin ya gyara wata tsohuwar ɓaraka: ya fitar da wasan daga Havana ya kai shi larduna, ya rushe wariyar gasar 'yan dagaji, ya kuma kawo wa Kyuba zinaren Olamfik a 1992 da 1996 da 2004. Wasu tsofaffin ƙwararru, irin su Dihigo da Marrero, sun zauna sun koyar da yara. Amma wanda yake ganiyar ƙarfinsa an sa shi zaɓi tsakanin sana'arsa da ƙasarsa, kuma yawancinsu sana'ar suka bi. Zoilo Versalles ya zama gwarzon gasar American League a 1965, Mike Cuéllar ya zama babban majefi a Baltimore, masu farauto wa ƙungiyoyin Amurka yara masu basirar wasa kuwa suka tattara suka koma Jamhuriyar Dominika, wadda ta gaji gurbin Kyuba. Gasar Karibiyan ta dawo a 1970 babu Kyuba, ba ta sake shiga ba sai 2014.

Shi kuwa Tiant, bayan kakar ƙarshen nan ya tafi Meziko buga wasan bazara da niyyar komowa, sai mahaifinsa, wanda shi ma tsohon majefi ne da ya yi zamaninsa a gasannin baƙaƙen fata na Amurka, ya aika masa cewa kada ya dawo, babu sauran aiki a gida. Ba su sake haɗuwa ba sai bayan shekara goma sha huɗu, a watan Agustan 1975, lokacin da Castro ya amince iyayen su je Boston, inda ɗansu ke buga wasa, bayan wata wasiƙa da Sanata George McGovern ya kai masa. Tsohon ya tsaya a tsakiyar filin Fenway ya yi jifan buɗe wasa, ɗansa na gefe riƙe da kwat ɗinsa. A watan Oktoba, a wasan farko na gasar cin kofin ƙarshe, iyayen na zaune cikin 'yan kallo Tiant ya jefa wa Cincinnati Reds turmi tara ba su ci ko maki ɗaya ba, Boston ta ci 6 da nema.